Ranar da Shanu Suka Shanye Tekun Karare

Ku matso nan, dukanku. Ke babba, wadda bakina ba ya kiran sunanki, shimfiɗa tabarmar nan gabana. Sahabi, aje jakarka, ba mai ɗauka. Ma'u, bar goyon ya yi kukansa, kunnenki nake so. Gaisuwa ta isa haka: gida lafiya, gona lafiya, gajiyar hanya Allah ya huce ta. Kada wanda ya ce in tashi mu shiga ɗaki. Yadda kuka same ni, zaune bisa murfin rijiya da taɓarya a cinya, haka zan zauna har ku ji abin da ya sa na aika aka taso ku daga Batsari da Safana da Babban Duhu.

Rijiyar nan kun san ta. Ubana ya gina ta da hannunsa, kuma da ya rasu 'yan'uwana maza suka kwashi gonaki, ni aka bar mini ita da filin da ke kewaye da ita. Ban yi kuka ba, don na san abin da na samu. Duk Karare babu ruwa mai daɗin nata, sauran rijiyoyin zartsi ne da ko sabulu ba ya kumfa cikinsu. Da ruwanta na yaye ku, da shi unguwar nan ke jiƙa gero. To, ubanku yana so ya mai da ita teku. Ga shi can bayan rumbu, yana ji na sarai, yana zaune bisa buhunan gishiri uku yana jiran in ɗaga.

Kar ku yi dariya tukuna. Ku bari ku ji daga farko.

Bayan kaka wani dillali ya nemi wanda zai raka masa motar shanu zuwa Ikko. Ubanku, wanda ko akuya ya ɗaure sai an bi bayansa an sake ɗaurewa, ya ce shi gwani ne. Ya tafi. Bai daɗe can ba, ko ƙurji bai isa ya nuna ba ya dawo. Amma mutumin da ya sauko daga mota ba shi na sallama ba. Hular ƙarfe irin ta leburorin tashar jirgi a kansa, biro uku a aljihun gaba, shi da ko sunansa a boko ni ke rubuta masa, ni ɗin ma da na koya da kaina daga jikin gwangwanin madara da tsofaffin littattafanku. A hannunsa kuma jarka guda, ya rungume ta kamar jinjiri.

Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Uwani, kin san mene ne ruwa?"

Na ce, "Na sani. Abin da kake kira in kawo maka kana zaune."

Ya ce, "Jahilci. Ruwa aure ne. Iska biyu aka ɗaura wa aure suka zama ruwa. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya nuna mini da idona, cikin kwalba, da waya biyu. In ka sa musu lantarki sai auren ya mutu, kowace ta kama gabanta. Ɗayar sunanta haidurojin. Ita wannan wuta take ci, ta fi fetur, ta fi kananzir."

"In ta ci wutar fa?"

"Sai su sake ɗaura aure su koma ruwa. Ba hayaƙi, ba toka, ba baƙin tukunya."

"To me ya haɗa ka da teku? Ga ruwa a randa."

"Na teku yana da gishiri, lantarki ya fi gudu cikinsa. Kuma teku ba ya ƙarewa, Uwani. Na tsaya bakinsa na duba, ban ga ƙarshensa ba. Man fetur duk a banza yana kwance, ba wanda ya gane sai ni da mutumin nan, shi kuwa jirginsa ya tashi."

Ku kun san halin da ake ciki. Rediyo kullum yana cewa ƙasa ta yi arzikin mai, amma motoci na kwana a layi a Katsina, kananzir sai da sani, injin niƙan garin nan ya yi shiru mun koma turmi. Don haka ban ce masa ƙarya yake ba. Na ce dai ya sha ruwa.

Abin da ya fara kashe shi bakinsa ne. Bai ko kwance kaya ba ya tsaya ƙofar masallaci bayan azahar ya shaida wa duniya ya zo da teku daga Ikko, jarka cike har wuya. Kun san garin nan. Wanda ya dawo daga tafiya, abin da ya riƙo ba nasa ba ne, tsaraba ce. Kafin la'asar zaure ya cika, kowa da moɗarsa.

"Malam Haliru, barka da hanya. Ina tsarabarmu?"

"Wannan ba ta sha ba ce, kayan aiki ne."

Tasalla, maƙwabciyarmu ta bayan danga, wadda kun san harshenta, ta leƙo ta ce, "Ashe Ikko rowa take koya wa mutum. Alhazai ma da suka je nesa da kai suna ɗiga mana a baki."

Kalmar rowa ta fi ƙarfin ubanku. Ya buɗe jarka. Wannan ya ce gwiwarsa ke ciwo, a ba shi ludayi guda ya shafa. Waccan ta ce jikanta bai fara tafiya ba. Wani tsoho ya ce shi dai ya ɗanɗana kafin ya mutu, ya kurɓa, ya tofar, ya ce ashe shi ya sa mutanen kudu ke da faɗa. Tasalla ta kai wa mijinta kofi guda don ciwon ciki, ya shanye tas, ya wuni yana sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida yana kiran sunan ubanku. Na ƙarshe ɗan aiken Maigari ne, ya tarar saura ɗigo, sai ya tafi da jarkar gaba ɗaya.

Ubanku ya zauna a zaure hannu biyu babu komai. Na ce, "Malam, ai ka ce teku ba ya ƙarewa."

Ya ce, "Wanda ya ga teku da idonsa ba ya rasa teku. Kawo randa."

Randata babba ya cika da ruwa, ya juye gishirin miyata ciki, ya dama da muciya, ya lasa. "Bai kai Ikko ba." Ya aika kasuwa aka ƙaro. Ya lasa. "Ya kusa Ilori." Aka ƙaro. Mu kuwa miya lami muka yi ta sha, ga gishiri cike da randa ba halin taɓawa.

Sai lantarki. Ya bi gida gida ya kwashe batiran tocila da na rediyo, unguwa ta yi shiru ba mai jin labarai. Ya jera su cikin kara, ya ɗaure da tsumma, ya tsoma waya biyu a randa. Muka sunkuya muna kallo. Can sai ga wasu 'yan kumfa suna tasowa jikin wayar, ƙanana kamar ƙwan kwaɗo.

"Kin gani? Kin gani? Aure ya fara mutuwa!"

Na ce, "Na gani. Jaki ma in ya sha ruwa a tafki yana tayar da kumfar da ta fi wannan."

Ya ce ƙarfin wuta ne bai isa ba. Ya hau mota zuwa tashar Batsari, ya dawo da dinamo na wata matacciyar mota, abin nan da ke ba mota lantarki in an juya shi, da tub ɗin tayar babbar mota, da tiyo. Ya kuma dawo da Armaya'u mai facin keke, ƙaton nan mai tumbi, wanda ya yi wa alkawarin zai zama manaja in kamfani ya tsaya. Suka ɗauki turamena biyu suka ɗora keken Armaya'u bisa su, ƙafar baya na lilo a sama. Suka haɗa ta da dinamo da bel. Ubanku ya kifa mazurari bisa waya ɗaya cikin randa, ya bi da tiyo zuwa tub.

"Manaja, tuƙa!"

Armaya'u ya tuƙa. Gaskiya a faɗe ta, kumfa ta ƙaru. Amma wayar jan ƙarfe ce, sai ruwan ya fara juyewa kore, ya yi ta kauri har ya koma kamar miyar kuka ta kwana. Sai wani wari ya tashi, irin na maganin da ake wanke daɓen asibiti da shi, mai shiga hanci ya fito ta ido. Kajina suka tsallake danga suka yi ƙaura. Ni ina tari, ubanku yana tari, Armaya'u yana tari yana tuƙi.

Tasalla ta ɗago kai ta danga, hanci toshe da gefen zane. "Uwani, wa ya rasu ba a gaya mana ba?"

Ubanku ya ce, "Warin ci gaba ne!"

Ta ce, "To ci gaban ya ci gaba zuwa wata unguwa."

Tun hantsi Armaya'u ke tuƙi, bai je ko'ina ba, har rana ta take tsaka. Tub ya ɗan kumbura. Ubanku ya ce lokaci ya yi, yau zan dafa tuwo da teku. Ya ɗora tukunyata bisa murhu ba itace, ya cusa ɗan bututun ƙarfe a bakin tiyo ya ajiye ƙarƙashinta, ya kwance zaren da ya ɗaure, ya ƙyasta ashana. Muka ji "fuf," ƙarami. Muka duba, ba mu ga komai ba.

Ya ce, "Ba ta kama ba."

Ni ina tsaye kusa, na ji zafi yana lasar ƙwaurina. Na ce, "Malam, akwai zafi fa."

"Ke me kika sani? Wuta ai ganinta ake yi."

Ya durƙusa, ya kai fuska bakin bututu don ya hura. Ashe ita wannan wutar in rana ta buɗe ba a ganinta. Sai muka ji ƙauri irin na babbakar kan rago ranar layya. Ya miƙe tsaye da rabin gemu. Ɓangaren dama ya tafi, har da girar da ke samansa. Na ɗauka zai yi kuka. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu akbar! Wuta marar launi! Ko Turawa ba su da irinta!"

Tasalla ta ce, "Malam Haliru, wanzamin nan naka akwai sauri, amma don me ya bar rabi? Ko ba ka biya shi duka ba?"

Ya ce, "Gemun nan na ba da shi ga ƙasa."

Kuma ya ƙi aske sauran. Ya ce shaida ce. Haka ya yi ta yawo a gari, duk wanda ya gamu da shi sai ya juya masa ɓangaren da ya ƙone ya ce ya duba da kyau. Tuwon kuwa da karan dawa na dafa shi.

Daga nan kansa ya fasu. Ya je wajen Maigari, wanda babur ɗinsa ya daɗe jingine a zaure don rashin mai har kaza ta fara ƙwai ƙarƙashinsa, ya ce zai tayar masa da shi gaban jama'a, ba ko ɗigon fetur. Bayan babur sai injin niƙa. Da mata suka ji zancen injin niƙa suka koma bayansa, har masu zaginsa jiya. Mai shela ya zaga gari.

Sai dai ya ce randa ta yi kaɗan, teku ba ya zama a randa. Ya zaɓi kwamin nan na bakin burtali, bayan gidan nan, ƙaton gungumen da aka fafe. Kun san na mene ne. Nan Ardo Hashimu da mutanensa ke zuba wa shanunsu kanwa da gishiri in sun biyo burtali daga dajin Runka. Kuma kun san yadda suke kiransu: a bugi gefen kwami da sanda, saniya ko tana bayan dutse ta ji sai ta zo a guje. Yaron goye a garin nan ya san wannan.

Na ce, "Malam, kwamin shanu ne fa."

"Shanu ba su san kimiyya ba."

"Sun san gishiri."

"Uwani, ke matsalarki ba ki taɓa fita daga ƙasar Katsina ba."

Ya sayar da gyadarsa ya sayi gishiri. Mata suka yi ta jido daga rijiyar nan har kwami ya cika. Shi da kansa ya riƙa ɗauko buhu a ka, yana zubawa yana damawa da ƙafa, har rigarsa da wandonsa da rabin gemunsa suka yi fari fat da gishiri. Wannan karon ya fasa batiran mutane ya zaro baƙaƙen sandunan da ke ciki ya ɗaura a bakin waya, don ya ce tekun Ikko ba kore ba ne.

Ranar da aka sa, da hantsi, gari ya fito. An kawo wa Maigari kujera, an goge babur an tsayar da shi gefen kwami, tiyo a bakin kafireta, inda yake shan mai. An ɗora keken Armaya'u bisa turamena, fuskarsa na kallon burtali. Mai tsire ya ga taro ya kafa tukubarsa kusa, ya hura wuta. Tub kuwa tun jiya ake cika shi, ya yi tim.

Ana cikin haka sai ga Ardo Hashimu, sanda a kafaɗa. Ya yi gaisuwa, ya tsaya bakin kwami, ya tsoma yatsa ya lasa. Fuskarsa ta washe.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Duk wannan namu ne?"

"Teku ne, Ardo. Matsa baya, akwai lantarki."

"To, madalla. Teku."

Ya waiga ya dubi gindin dutse inda garkensa ke kiwo. Ya dubi ubanku. Sai na ga dattijo ya tuɓe takalmansa a hankali ya hau tsamiyar da ke gefen kwami, ya gyara zama a reshe. Da na ga haka ni ma na ja da baya na tsaya ƙofar gida.

Ubanku ya hau bisa buhu zai yi jawabi, kayan nan masu gishiri har yanzu a jikinsa. Hayaniya ta hana a ji shi. Ya ce a yi shiru, ba wanda ya kula. Sai ya sunkuya ya ɗauki sanda ya bugi gefen kwami. Ƙwam! Ƙwam! Ƙwam!

Wuri ya yi tsit. Tsofaffi suka dubi juna.

Ya gyara hular ƙarfe ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'ar Karare! Daga yau kun huta da layin mai. Motocin Batsari nan za su zo su sha. Na Safana nan za su zo su sha. Ikko da kanta za ta aiko a sayar mata. Manaja, tuƙa!"

Ƙasa ta fara rawa. Ubanku ya ɗauka jama'a ce ke buga ƙafa don murna, ya ɗaga hannu yana cewa a bari sai ya gama. Armaya'u, da yake shi ke sama kuma shi ke kallon burtali, shi ya fara ganinsu: garke guda, ƙaho a gaba, wutsiya a sama. Ya ƙwala ihu ya danna feda iya ƙarfinsa don ya gudu, ya manta ƙafar keken a sama take. Yana tuƙi yana salati, yana nan inda yake. Dinamo ya ɗauki kuka, kwami ya hau tafasa da kumfa.

Ubanku ya ce, "Haka nake so! Ƙara wuta, manaja! Jama'a ku duba!"

Ya juyo don ya ga jama'a, babu jama'a. Wasu na bisa danga, wasu na bisa juna.

Bijimin gaba ya bangaje turmi. Ƙafar keke ta taɓa ƙasa tana tsakar juyawa. Armaya'u ya fita kamar an harba shi daga baka, dinamo da wayoyi na bin sa a baya suna tsalle, ya ratsa tsakiyar masu tallan fura, ya shige gonar rogo. Ba a sake jin duriyarsa ba sai bayan azahar.

Shanu suka kewaye kwami suka kafa kai. Ubanku ya shiga tsakaninsu hannu a buɗe yana cewa, "Kai! Ku tsaya! Wannan aikin gwamnati ne!" Wata jar saniya da ba ta samu wuri ba ta ɗago ta shinshine shi. Ta lashi rigarsa. Ta lashi wuyansa. Ta kai harshe ta share rabin gemun nan daga ƙasa har kunne. 'Yan'uwanta suka gane akwai wani gishirin mai tafiya da ƙafa. Ya ja da baya, suka biyo. Ya ruga, suka ruga. Sau nawa ya zaga tsamiya ban ƙirga ba, yana gudu ana lasarsa, Ardo na sama yana ce masa, "Tuɓe rigar, Malam! Tuɓe rigar!" Ya tuɓe ya jefar. Suka cinye hannunta ɗaya suka dawo kan wandon.

Ana wannan sai wani ɗan bijimi ya soka ƙaho cikin tub, ya ɗaga shi, abin ya rataye masa a wuya. Ya firgita, ya girgiza kai, ya wurga shi sama. Tub ya yi juyi ya sauka daidai kan wutar mai tsire.

Ƙarar da ta tashi, an ce har Runka an ji. Tsire ya yi sama ya sauko kamar ruwa, yara suka bi da baki buɗe. Babur ya faɗi ya danne kujera. Maigari, Allah ya ba shi haƙuri, ba a san yadda aka yi ba sai ganinsa aka yi kwance cikin kwami, rawani a gefe. Bai ko jiƙe sosai ba, don shanu sun riga sun shanye tekun, sun lashe gindin har yana ƙyalli. Garke ya watse, rabinsa ya bi ta dangarmu ya tattake mini ramata da kuɓewata.

Da ƙura ta lafa Ardo ya sauko, ya sa takalmansa, ya je ya sami ubanku a tsugune bayan tsamiya daga shi sai hular ƙarfe da abin da ya rage na wando. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Malam, teku ya yi daɗi ƙwarai. Yaushe za a sake?"

Tasalla kuma daga bisa danga ta ce, "Ai ya cika alkawari. Ya ce daga ko'ina za a zo a sha, ga shi an zo an sha."

Da aka zaro Maigari ya dawo hayyacinsa, ya yanke hukunci a gaban kowa: kada Haliru ya ƙara haɗa teku a wani buɗaɗɗen wuri cikin ƙasarsa. Na ce alhamdulillahi, magana ta ƙare. Ashe farawa ta yi. Washegari ina tankaɗe sai na ga ubanku tsaye bakin rijiyar nan, hannu a baya, yana leƙa ciki yana gyaɗa kai.

"Uwani, kin san abin da ya ɓata aikin nan?"

"Na sani. Ga shi tsaye gabana."

"Tekun ne ya yi kusa da bakin shanu. Teku na gaskiya zurfi gare shi. Duba nan. Ba saniyar da wuyanta zai kai. Ga murfi, ba buɗaɗɗen wuri ba ne, Maigari bai hana ba. Kuma in an ɗiba yana ƙaruwa da kansa. Allah ya ajiye mana teku a tsakar gida, gishiri kaɗai ya rage."

"Mu sha me?"

"In kamfani ya tsaya lemon kwalba za ki riƙa sha."

"In yi alwala da lemon kwalba?"

"Ai na gaya miki, in iskar ta ci wuta ruwa take komawa. Sai ki tara ƙwarya."

Na ajiye rariya na ɗauki taɓarya na zo na zauna nan. Ya ce shi ne mai gida. Na ce gidan nasa ne, ramin na ubana ne. Ya ce buhu ɗaya kawai, don gwaji. Na ce ko tsunkule ɗaya ya faɗa ciki, shi zai bi shi ya tsamo.

Tun ranar muke haka. Ya sayar da tunkiyarsa ya ƙaro gishiri. Ya zo ya ce mini ƙanwata ba lafiya a Runka, in yi maza; na ce Allah ya ba ta lafiya. Ya zo ya ce ya ga kububuwa ta shiga ƙarƙashin murfi. Na ce ta fi gishiri. Ya ce tuwo na ƙonewa. Na ce shi zai ci. Mata in sun zo ɗiban ruwa sai in matsa gefe in ɗaga rabin murfi, ido ɗaya kan guga, ido ɗaya kan rumbu. In zan yi salla ko wata lalura Tasalla ke karɓar mini gadi, ita kuwa ko kusa da ita ba ya zuwa. Na kai ƙara wajen Maigari, ya ce tun ranar nan kunnensa ba ya jin duk maganar da ta shafi Haliru, in kira 'ya'yana.

To ga ku. Ni ban ce babu wuta cikin ruwa ba, na ga gemun da ta ci. Wataƙila wata rana masu ilmi da kayan aiki su tsaya bakin teku na gaske su yi abin nan ya yiwu. Amma ba Haliru ba, ba da turmina ba, ba cikin rijiyar ubana ba. Ko ku haɗa masa kuɗin mota ya koma Ikko inda Allah ya riga ya zuba gishirin da kansa, ko ku kwashe buhunan nan ku kai wa Ardo ya san yadda zai yi da su. Wanda kuma ya ga uban nasa na da gaskiya, ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, ai kowannenku na da rijiya. Kai Sahabi, da kai nake. Tun ɗazu na ga kana juya wayar lantarkin nan tasa a hannu kana gyaɗa kai, ajiye ta.

Ku raba mu yanzu, ba sai an ci abinci ba. Tasalla ta tafi suna tun da safe ba ta dawo ba, ni kuwa na sha kunu kofi biyu, kuma ubanku ya sani, shi ya kawo mini na biyun da hannunsa. Ga shi can ya riga ya saɓa buhu a kafaɗa.